Hoton Mama: Gwajin da Ake Yi Tun Ana Lafiya

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau a kan sankarar mama ne, wadda wasu ke kira ciwon dajin nono, da kuma gwajin da ke gano ta tun ba ta yi ƙarfi ba. Iyayenmu mata, yayye da ƙanne, a matso kusa da rediyo. Ku ma magidanta ku tsaya ku ji, domin a gidaje da yawa izinin zuwa asibiti da kuɗin mota a hannunku suke.

A al'adarmu, zafi ne ke kai mutum asibiti. Idan abu bai hana barci ba, bai hana daka ko zuwa gona ba, sai a ce a bar shi zai baje. To, a nan wannan ciwo yake shammatar mutane, domin a farkonsa galibi ba ya zafi. Ɗan ƙullutu ne mai tauri, yana zaune shiru wata da watanni. Ranar da ya fara zogi, ko ya fashe ya zama gyambo, ya riga ya yi nisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, kuma wajen 670,000 suka rasu. A Najeriya, ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sababbin kamuwa sama da 32,000, da rasuwa sama da 16,000. Wato duk mata biyu da aka gano, ana rasa guda. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara biyar da gano ciwon. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin zuwa. Ciwon yana da mataki huɗu. Can ana kama mafi yawa a mataki na ɗaya ko na biyu. A asibitocinmu, akasarin mata sai a na uku ko na huɗu ake ganinsu, bayan ya kai kaluluwar hammata, ko ya bazu zuwa huhu, hanta ko ƙashi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, mene ne hoton mama, wanda likitoci ke kira mamogiram?

Hoto ne irin na ƙashi da muka saba gani, amma da na'urar da aka ƙera don mama kaɗai, kuma haskenta kaɗan ne ƙwarai. Mace za ta tsaya gaban na'urar, ma'aikaciya ta ɗora maman a kan faranti, wani farantin ya sauko ya matse shi na 'yan daƙiƙu. Ana ɗaukar kowane ɓangare sau biyu, daga sama da kuma daga gefe. Matsewar ba daɗi, gaskiya ce, amma ita ke shimfiɗa naman yadda komai zai fito fili. Gaba ɗaya aikin bai cika wuce minti ashirin ba. Ranar da za a je, kada a shafa hoda, turare ko mai a ƙirji da hammata, don burbushinsu na iya fitowa a hoton ya rikita mai karantawa. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a fara. Kuma kowace mace tana da haƙƙin ta nemi mace 'yar'uwarta ce za ta ɗauke ta.

Amfanin wannan hoto shi ne yana ganin abin da hannu bai isa ya ji ba: ƙari ɗan mitsitsi, ko wasu fararen ɗigo-ɗigo da kan zama alamar farko. Tun 1963 aka fara babban bincike a kansa a birnin New York na Amurka, daga baya Suwidin ta yi nata. A 2012 wani kwamitin masana a Ingila ya tattara sakamakon irin waɗannan bincike, ya ce gayyatar mata gwajin a kai a kai tana rage mace-macen wannan ciwo da kusan kashi 20 cikin 100. A Ingila ana kiran mata daga shekara 50 duk bayan shekara uku. A Amurka, shawarar 2024 ita ce a fara daga shekara 40, duk bayan shekara biyu, har zuwa 74. Wannan ya fi kusa da halinmu, don a Najeriya mata da yawa a shekarunsu na arba'in da wani abu ciwon ke kama su.

Masu fargabar cewa hasken na'urar zai haifar da ciwon, ku kwantar da hankali. Abin da jiki ke samu a gwaji guda bai wuce wanda yake samu daga ƙasa da sararin sama cikin mako bakwai ba, ko an je asibiti ko ba a je ba.

Sai dai hoton yana da iyaka, kuma ya dace a sani. Maman budurwa da na mace mai ƙuruciya cike yake da nama mai kauri, wanda ke fitowa fari a hoto. Ƙarin ma fari yake fitowa. Ya zama kamar neman farar tsakuwa cikin tiren farar shinkafa. Shi ya sa wadda ba ta kai arba'in ba likita kan fara tura ta sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki. Haka kuma wani lokaci akan sake kiran mace don ƙarin bincike, daga ƙarshe a tarar ba komai. Kira na biyu ba hukunci ba ne. Mafi yawan ƙullutun da ake samu a mama ba sankara ba ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu sai tambayar da kowace mace ya kamata ta yi: ni a wane sahu nake? Likitoci na kiran wannan auna haɗari, kuma ba ya buƙatar na'ura. Zama ne na 'yan mintuna da amsa tambayoyi da gaskiya.

Za a tambayi shekarunki, domin haɗarin yana ƙaruwa da girma. Za a tambayi ko kin fara al'ada kafin shekara 12, ko jinin bai ɗauke ba sai bayan 55. Za a tambayi haihuwa: wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ko ta yi ta fari bayan shekara 30, haɗarinta ya ɗan ɗara. Ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, rashin motsa jiki da shan barasa duk suna ƙarawa. Shayarwa kuwa tana ragewa. Wani babban nazari da aka buga a 2002 ya nuna kowane wata goma sha biyu na shayarwa yana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin 100. Ashe shayarwar shekara biyu da iyayenmu suka riƙe alheri ce ga jariri da uwa baki ɗaya.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta dangi. Mahaifiyarki, yayarki, ƙanwarki ko 'yarki, akwai wadda ta yi ciwon mama ko na ƙwan mahaifa? Tana da shekara nawa? Kada a manta da dangin uba. Gwaggo da kaka ta wajen uba suna cikin lissafi daidai da inna da kaka ta wajen uwa, domin gadon yana bi ta kowane ɓangare. A 1994 da 1995 masana suka gano ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda idan suka samu tangarɗa haɗarin ke ninkuwa sosai. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ta shafe shekaru tana aiki da likitocin Ibadan, kuma binciken nasu ya nuna wannan tangarɗa ba baƙuwa ba ce a tsakanin matan Najeriya masu ciwon. Wadda ke da irin wannan tarihi ba ta jiran arba'in. Likitoci kan ba da shawarar ta fara gwaji shekara goma kafin shekarun da 'yar'uwarta ta kamu. Idan inna ta kamu tana da 42, 'ya ta fara zuwa tana da 32.

A nan kawaicinmu yake cutar da mu. Mace ta rasu, a ce ciwon ajali ne, a rufe zancen. Alhali faɗa wa 'ya'yanta ainihin abin da ya same ta na iya tsawaita ransu da izinin Allah.

Amma wadda ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan kada ta saki jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da ya wuce kasancewarsu mata da kuma shekaru. Maza ma ba su tsira ba, kusan ɗaya cikin ɗari na masu ciwon maza ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Wata za ta ce, ni da nake ƙauye bayan Argungu, ina zan ga wannan na'ura? Tambaya ce mai kyau, domin na'urorin ba su wadata ba, kuma kuɗin gwajin ba ƙarami ba ne ga talaka. Amma matakin farko a hannunki yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau ɗaya a wata, bayan wankan tsarki da 'yan kwanaki, ki duba ki kuma lallatsa da tafin yatsu har cikin hammata. Abubuwan lura su ne ƙullutu, fatar da ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, kan nono da ya shige ciki, jini ko ruwa mai fita ba tare da shayarwa ba, da gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa da ta ji tauri da bai baje ba bayan mako biyu, kada ta ce daskarewar nono ce kawai.

Mataki na biyu shi ne hannun ma'aikaciyar lafiya da ta samu horo. Kada a raina shi. A birnin Mumbai na Indiya an bi mata sama da 150,000 na tsawon shekara ashirin, ma'aikata mata suna duba rabinsu da hannu duk bayan shekara biyu. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna an riƙa kama ciwon da wuri, kuma a cikin matan da suka kai hamsin mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan aiki ne da za a iya yi a kowane ɗakin shan magani na jihar Kebbi. Daga can sai a tura mace Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Tunawa da Sa Yahaya, ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, ko na Kalgo, likita ya faɗi hoton da ya dace da inda za a yi shi. Idan ta kama, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen kula da masu ciwon daji.

Idan hoto ya nuna abin shakka, za a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji, don shi kaɗai ke tabbatarwa. A nan mata da yawa ke guduwa, saboda maganar da muka gada cewa daji ba ya son ƙarfe. Abin da ya haifar da wannan zato shi ne, mutane na zuwa a makare, a yi aiki, mai ciwo ta rasu, sai a ɗora wa wuƙar likita. Allurar gwaji ba ita ke kisa ba. Watannin da aka ɓata ana shafe-shafe, ana sakiya, ana cewa jifa ce, su ne ke ba ciwon fili. A yi addu'a, a kuma nemi magani a inda yake. Kuma wadda ta zo da wuri, sau da yawa ƙarin kaɗai ake cirewa a bar mata mamanta.

Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan yaƙi. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara kuma uwargidan gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2023, ita ta kafa gidauniyar Medicaid mai wayar da kai da shirya gwaje-gwaje kyauta. A watan Oktoban 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta UICC, babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, kuma ita ce ta farko daga Afirka. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya daɗe yana jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, wanda ya taka rawa wajen kawar da shan inna. Hanyar da saƙon rigakafi ya bi daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci da mai unguwa da liman, tana nan ba ta toshe ba. Saƙon sankarar mama ma zai iya binta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'auni uku: a kama aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, sannan kashi 80 cikin 100 su gama magani har ƙarshe. Muna kira ga hukumomin lafiya su auna kansu da waɗannan, su horar da ma'aikata mata, su kawo na'urori kusa, su sa gwajin cikin tsarin taimakekeniyar lafiya.

Ku kuma masu sauraro, ga aikinku na wannan mako. Hajiya, idan kin kai arba'in, je ki tambayi likita batun hoton mama ko da kina jin garau. Idan akwai ciwon a danginku, faɗa masa tun kafin ya tambaya. Idan kin ji ƙullutu, kada ki jira girbi ko bayan salla. Malam, idan uwargida ta ce ta ji wani abu, ka raka ta da kanka, kuma kowane irin sakamako ya fito, ka tsaya tare da ita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare masu lafiya. Nan muka kawo ƙarshen shirin.

(Kiɗan rufe shiri)