Sabuwar Waya A Galtimari

Ran 10 ga watan Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Galtimari na cikin unguwannin Maiduguri da ruwa ya mamaye. Jama'a sun gudu da abin da ke jikinsu, wayoyin hannu kuwa suka jiƙe suka mutu da lambobin 'yan'uwa a ciki. Tawa ma haka ta tafi.

Saboda haka da na sayi Samsung Galaxy S24 Ultra ban fara da ɗaukar hoto ba, ko da yake takan fito da aikin hular Zanna Bukar zare-zare. Batun ruwa na fara tambaya. Maƙeranta sun ce tana jure zurfin mita ɗaya da rabi har minti 30. Sai batir, gama mun sha duhu da aka fasa turakun lantarki a 2021. To, takan yini ba a yi mata caji ba.

Amma fa a 2013, da aka katse layukan waya a Barno, mai tsada da mai araha duk shiru suka yi. Don haka lambobin dangi na rubuta su a littafi, na rataye can sama.