Dajin Hanji: Gaskiyar Maganin Amurka da Abin da Aka Ƙara

Tun 2022 wani labari ke yawo a wayoyi, har a majalisun unguwar Rikkos ana maimaita shi: wai an samo maganin ciwon daji a Amurka, duk wanda aka ba ya warke.

Labarin yana da tushe. A asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York an riƙa ba masu dajin dubura maganin dostarlimab ta jijiya, duk bayan mako uku, har wata shida. Mutum 12 na farko da suka kammala, ƙarin da ke jikinsu ya ɓace ba tare da tiyata ba.

Sai dai masu tura saƙon sun bar rabin zance. Dukkan mutanen nan dajinsu iri ɗaya ne, wanda ƙwayoyinsa ba sa iya gyara kuskuren da ke cikin halittarsu, shi ya sa garkuwar jiki ke saurin gane su idan maganin ya zaburar da ita. Kuma a cikinsu babu wanda ciwon ya kai hanta ko huhu. Cikin masu dajin hanji da nasu ya riga ya bazu, kusan 5 cikin 100 ne ke da wannan irin a ƙasashen Turawa, kuma Amurka ta amince a fara wa masu wannan irin da maganin pembrolizumab tun 2020.

Mu a ƙasar nan akwai abin lura. Binciken da likitocin Ile-Ife suka fitar a 2021 ya sami wannan irin a sama da kashi ɗaya cikin huɗu na marasa lafiyar da suka gwada. Saboda haka wanda aka yanki tsokar hanjinsa a asibitin JUTH da ke Lamingo, ya tambayi likita yadda za a gwada irin dajin. Maganin dai kuɗinsa miliyoyin naira ne, wannan ba jita-jita ba ce.

Cikin jita-jitar da ake yi kan daji, maganar da ta fi ci mini rai ita ce wai wuƙa na taɓa daji sai ya bazu. Ba haka ba ne. Har gobe tiyata ce ta fi warkar da dajin hanji, wani lokaci ko da ya taɓa wani sashe na hanta. Abin da ke faruwa, mutum zai shekara yana ganin jini a bayan gida, yana ramewa, yana shan jiƙon basir na masu lasifika. Ranar da likita ya buɗe cikin, sai ya tarar ciwon ya daɗe da bazuwa, dangi kuma su ɗora wa wuƙa laifi.