Sabon Katako a Tsohon Jirgi: Aikin Daidaita Sheƙi a Bangi

Kogin Ubangi ne ya haifi birnin Bangi. A bakinsa Faransawa suka kafa sansani a 1889, kuma har yau, idan ruwa ya cika, jiragen dakon kaya na tasowa daga Barazabil su sauke kaya a tashar birnin. Da yawansu sun tsufa. Ƙarfen jikinsu sai mai walda, amma ƙofofi da bencina da allunan ɗakin matuƙi aikin kafinta ne. Kayan aikinsa kuwa, daga banish zuwa samfefa, ana samunsu a kasuwar Kilomita Biyar, unguwar da Hausawa da Fulani da sauran Musulmi suka daɗe suna riƙe da kasuwancinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da allo ɗaya ya lalace aka sa sabo. Sau da yawa kafinta zai lafta masa banish mai ƙyalli, sai allon ya fito zakka a tsakanin 'yan uwansa kamar haƙorin Makka a bakin dattijo. Mai jirgi ya biya kuɗi, amma duk wanda ya shigo idonsa a kan facin zai fara sauka.

Abu biyu ne ke raba sabo da tsoho: launi da sheƙi. Katakon safeli da iroko, waɗanda ake sarowa a dazuzzukan Lobaye da Sanga-Mbayere, suna ƙara duhu da shan haske. Iroko yakan fito daga injin yanka yana ɗorawa-ɗorawa, daga baya ya rine ya koma ruwan ƙasa. Shi ma banish mai mai yana yin ja-ja da shekaru. Saboda haka ko daga bishiya ɗaya aka yanko su, allon bana ba zai yi kama da na shekara ashirin ba. Kafintan da ya san aikinsa yakan rina sabon ya bar shi da ɗan haske fiye da tsohon, domin rana za ta ƙarasa sauran.

Kafin nan sai an san abin da aka shafa wa tsohon allon tun farko. A ɗiga sifirit a wani lungu da ido ba ya kaiwa: in ya yi danƙo, shalak ne. In sai tina ce ta narkar da shi, laka (lacquer) ce irin ta feshi. In duk bai motsa ba, banish ne mai mai.

Batun sheƙi ya fi wuya, kuma a nan ne ake yawan asara. Banish mai dishi-dishi ɗaya yake da mai ƙyalli, sai dai an zuba masa garin silika mai laushi wanda ke warwatsa haske. Garin nan yana kwantawa a gindin gwangwani. Wanda bai motsa sosai ba, shafin farko zai yi ƙyalli, na ƙarshe ya yi fari-fari, ya ce an sayar masa da jabu. Kuma ba a jera shafi huɗu ko biyar da shi, don yana dushe zanen jikin katako. A gina da mai ƙyalli, ana gogewa da samfefa lamba 320 tsakanin shafi da shafi, sannan a rufe da mai dishi-dishi. In bai yi daidai ba, a gauraya biyun, matuƙar na kamfani ɗaya ne, a gwada a guntun katako, a bari ya bushe, a kara shi da tsohon allo a duba ta gefe, wajen taga. Kada a goge da soson ƙarfe; burbushinsa na maƙalewa, danshin kogi ya mai da shi ɗigo-ɗigon tsatsa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da damina danshi na hana bushewa, da rani ƙura ke sauka a kan ɗanyen shafi. Hantsi, cikin ɗaki a rufe, ya fi.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina. Sa'ad da ake kankare tsohon shafi ne kafinta ke ganin gaskiyar katako. Baƙin tabo a kusa da ƙusa alama ce ta shigar ruwa; in tsinin wuƙa ya nutse ba wuya, ruɓa ce. Mutanen Bangi ba su manta da jirgin katakon da ya kife a kogin Mpoko a watan Afrilun 2024 ba, maƙare da masu zuwa jana'iza, inda aƙalla mutum 58 suka rasu. Lodi ne ya yi yawa a ranar, amma ya isa ya tuna mana cewa rayuka jirgi ke ɗauka. Ya ku kafintoci, in kun tarar da ruɓa, ku gaya wa mai jirgi, a cire allon tukuna kafin a buɗe gwangwanin banish.