ƊAN ƘARAMIN MA'AUNI MAI TSARON RAI

Duk wanda ya taɓa shiga mota ya sani, in direba ya taka burki da ƙarfi sai mutum ya ji kamar an ingiza shi gaba. To, a kan wannan ne masana suka gina abin da za mu ba masu karatunmu labarinsa yau, watau ma'aunin fizga, mai auna yadda gudun abu ke ƙaruwa ko raguwa.

Da silikon a ke yinsa, wani sinadari da a ke tacewa daga yashi. A cikinsa akwai ɗan nauyi rataye da siraran maɗaurai masu tanƙwaruwa. Nauyin nan yana da haƙora kamar na matsefi, sun shiga tsakanin waɗansu haƙora kafaffu ba tare da sun taɓa juna ba. Ratar da ke tsakaninsu kuwa, silin gashi guda ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. In mota ta tsaya farat ɗaya sai nauyin ya gusa, ratar ta sake, yawan lantarkin da haƙoran ke riƙewa shi ma ya sake. Wannan sakewa ita na'urar ke karantawa.

Cikin 1979 Roylance da Angell na Jami'ar Stanford a Amurka suka bayyana wani irinsa na silikon. Cikin 1991 kamfanin Analog Devices ya ba da sanarwar ADXL50, mai auna fizga har ninki 50 na ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, domin jakar iskar nan da ke kumbura ta tare mutum in an yi karo.

Wuyar aikin tana wajen maɗauran. In sun cika laushi, nauyin zai bugi gefe, ko haƙoran su manne. In sun cika tauri, ba zai ji ƙaramin motsi ba. Ga shi kuwa lalle ne motar ta bambance karo da faɗawa rami, ta yanke shawara kafin ƙiftawar ido. Saboda haka aka shirya shi yadda za a iya tura nauyin da lantarki, a tabbatar yana aiki.

Irinsa ne ke juya hoto a wayar hannu in an karkata ta. Lalle ƙaramin goro ya fi babban dutse. Amma muna jan kunnen jama'a, jakar iska mataimakiyar bel ce kawai. A riƙa ɗaura shi. Allah ya kiyaye hanya, amin.