Seleniyom: ɗan ƙanƙanen sinadarin da rashinsa ke iya taɓa zuciyar majinyaci

Majinyacin da hanjinsa ya daina aiki, ko aka yanke masa babban ɓangarensa a tiyata, ana ciyar da shi ne ta jijiya. Akan haɗa sukari, mai, sinadaran gina jiki, gishiri da bitamin a cikin leda, a riƙa ɗura masa kai tsaye cikin jini. Wannan ya wuce ƙarin ruwan da aka saba gani a asibiti. Likita Stanley Dudrick ne ya nuna a Amurka, a 1968, cewa ana iya rayuwa da shi.

Sai dai ledojin farko ba su ɗauke da seleniyom, sinadarin da mai lafiya ke samu a kifi, nama, ƙwai da hatsi ba tare da ya sani ba. Jiki na amfani da shi wajen kare ƙwayoyinsa daga lalacewa, da kuma aikin halittar wuya da ake kira tayirod.

A 1979, likitoci a New Zealand suka ba da rahoton wata mata da ke kan abincin jijiya, wadda ciwon tsokar cinya ya hana ta tafiya. Da aka ba ta seleniyom, sai ta warware cikin ƴan kwanaki. A wasu majinyatan, farce kan yi fari, gashi ya koɗe. Mafi haɗari shi ne raunin tsokar zuciya, irin wanda ya kashe yara da mata a gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda ƙasar noma ke da ƙarancin sinadarin.

Ƙungiyar ƙwararru kan abincin majinyata ta Amurka, ASPEN, ta ba da shawarar maikirogiram 60 zuwa 100 a rana ga babba. Wanda ya ƙone, ko yake yawan zawo, na iya buƙatar ƙari. Mai ciwon ƙoda kuwa ana lura da shi sosai, domin ta fitsari jiki ke fitar da rarar.

Yawansa ma illa ne: gashi kan zube, farce ya karye, numfashi ya yi warin tafarnuwa. Manyan gwaje-gwaje kan marasa lafiyar da ke cikin mawuyacin hali sun nuna cewa ninka adadin bai rage mace-mace ba.

Shi ya sa likitoci ke auna jinin duk wanda ya daɗe a kan abincin jijiya. Dangin majinyaci ma na da damar tambayar likita ko akwai seleniyom a cikin ledar.