Daga fadar sarki zuwa gadon asibiti: Yadda sana'ar ban dariya ta samu sabon aiki

Ɗan kasuwar da ya baro Kantin Kwari zuwa Guangzhou sarin kaya, galibi harkarsa ba ta wuce unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. Sai dai a wannan birni na kudancin China mai mutum fiye da miliyan 18, akwai wata haja da ba a loda ta a kwantena, wato dariya.

A gundumar Panyu, katafaren dandalin wasanni na Chimelong ya shafe sama da shekara 20 yana tara 'yan kallo. Tsakanin wasan masu tsalle-tsalle da na masu lilo a kan igiya, masu barkwanci ne ke fitowa da jan hanci da fentin fuska, su sa yaro da babba su yi ta ƙyaƙyatawa.

Amma a 'yan shekarun nan sana'ar ta shiga wurin da ba a saba jin dariya ba: ɗakin jinyar yara.

Tsohuwar sana'a

Ban dariya ba baƙon abu ba ne a China. A wasan kwaikwayon gargajiya na ƙasar akwai wani ɗan wasa da ake kira "chou", wanda ake gane shi da farin fenti a karan hanci da kewayen idanu. Yana cikin wasan opera na yankin Guangdong, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun da duniya ta gada a 2009, kuma aka gina masa gidan tarihi a gundumar Liwan ta Guangzhou.

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, masanin tarihi Sima Qian ya keɓe babi guda ga masu ban dariyar fada. A ciki ya kawo labarin You Meng, wanda sarkinsa ya ƙudiri yi wa dokinsa jana'iza irin ta manyan fadawa, ya kuma yi barazanar kashe duk wanda ya hana shi.

You Meng ya shigo fada yana kuka, ya ce ai wannan ƙasƙanci ne, doki irin wannan jana'izar sarakuna ta dace da shi. Nan take sarki ya gane wautarsa, ya fasa.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Wawan sarki yakan faɗi abin da waziri ba zai iya ba, haka kuma 'yan kama sukan kwaikwayi malamai da manyan makaɗa, su mayar da zancen kan tuwo da fura, ba wanda ya riƙe su a zuci.

Yadda aka shiga asibiti

Salon da ake bi yanzu ya soma ne a birnin New York na Amurka a 1986. Wani ɗan wasa mai suna Michael Christensen, wanda ciwon daji ya yi ajalin ɗan'uwansa, ya fara ziyartar yara marasa lafiya sanye da farar rigar likita, yana yi musu "dashen jan hanci" da "ƙarin jini" da madarar cakulan.

A 1993 aka kafa gidauniyar Theodora a Switzerland, wadda tun shekarun 1990 take tura horarrun masu barkwanci asibitocin Hong Kong, tafiyar kimanin sa'a guda daga Guangzhou a jirgin ƙasa mai sauri. A birnin Chengdu kuwa, likitoci da ma'aikatan jinya na babban asibitin lardin Sichuan ne da kansu ke maƙala jan hancin.

A Ajantina abin ya kai ga doka. A 2015 lardin Buenos Aires ya wajabta samar da masu barkwanci a sassan yara na asibitocin gwamnati.

Me ya bambanta shi da na gidan biki?

Mai barkwancin gidan biki hayaniya yake nema, kuma taron ne ke biye masa. Na asibiti kuwa shi ke bin yaro.

Kafin ya shiga ɗaki sai ya ji bayanin majinyaci daga ma'aikatan jinya, ya wanke hannu, ya tsabtace kayan wasansa, sannan ya nemi izini daga bakin ƙofa. Idan yaro ya ce ba ya so, sai ya juya.

A nan hikimar take. Yaron da ke kwance ba shi da ikon ƙin allura ko magani, kowa umarni yake ba shi. Mai barkwanci ne kaɗai babban da zai iya kora, ko ya gyara masa kuskure idan ya ɗora abin sauraron bugun zuciya a kan takalmi. Uwar da ta kwana a kan kujera ita ma takan samu sararawa idan ta ga ɗanta ya murmusa.

Me bincike ya nuna?

A 2005 masu bincike a asibitin yara na Meyer da ke birnin Florence na Italiya sun nazarci yara 40 da za a yi wa tiyata. Waɗanda masu barkwanci suka raka tare da iyayensu ba su firgita kamar sauran ba a lokacin da ake sa musu maganin barci. Duk da haka, akasarin ma'aikatan ba su so a ci gaba da shirin ba, domin a ganinsu yana kawo cikas ga aikin ɗakin tiyata.

A 2020 mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa bitar nazarce-nazarce 24 da suka shafi yara 1,612, inda ta ce akwai alamun raguwar fargaba da damuwa, amma ta yi nuni da cewa ingancin nazarce-nazarcen ya bambanta.

Ba kowane yaro ne ke maraba da su ba. Wani bincike na Jami'ar Sheffield ta Ingila a 2008, da ya tuntuɓi yara sama da 250, ya gano cewa ba sa son hotunan masu fentin fuska a bangon asibiti, wasu ma tsoro suke ba su. Wannan na cikin dalilan da masu aikin asibiti ke rage fenti, su tsaya a jan hanci kawai.

Dariya dai ba ta sauke zazzaɓi, ba ta maye gurbin likita. Abin da take yi shi ne rage wa yaro tsoro har a samu jijiya a ɗaura ruwa ba tare da kokawa ba. Ga al'ummar da ta ɗauki dubiya da muhimmanci, ta kuma gaji 'yan kama kaka da kakanni, gwanintar ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne horo kan tsafta da ladabin ɗakin majinyaci, da kuma asibitin da zai buɗe ƙofa.