Funfunar da ke Farautar Tsutsar Cikin Shanu

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa, mai kiwo da fataucin shanu, ya aiko da takarda yana so a yi masa bayani a kan wata funfuna da ya ji an ce ana ba shanu domin maganin tsutsar ciki. Ya ce shin gaskiya ne, kuma in gaskiya ne, ko zai daina sayen maganin ɗura ke nan?

AMSA: To Malam, maganar gaskiya ce, amma sai ka fara sanin yadda tsutsar take yaɗuwa kafin ka gane aikin wannan funfuna.

Tsutsar da ta fi yi wa dabbobi ɓarna a ƙasashe masu zafi ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Haemonchus. Tana zama cikin tumbin dabba tana shan jini. Shi ya sa za ka ga maraƙi ya rame, cikin idonsa ya yi fari, ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura. Mace guda tana iya zuba ƙwai dubbai a yini ɗaya, suna fita cikin kashi. Da damina, cikin kamar mako guda, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun yi ƙwari, su bi danshi su hau ciyawa. Saniya ta zo kiwo ta haɗiye su, ciwo ya koma sabo.

To a nan ne funfunar ke shiga tsakani. Sunanta Duddingtonia flagrans, an sa mata sunan wani masani ɗan Ingila, Duddington, wanda ya yi bayaninta a 1949. Asalinta a ƙasa da ruɓaɓɓen ganye take rayuwa. Irinta yana da ɓawo mai kauri, saboda haka in an gauraya shi da abinci dabba ta ci, yakan ratsa tumbi da hanji bai mutu ba, ya fito cikin kashi tare da ƙwan tsutsar. Can cikin kashin sai ya tsiro, ya saƙa wata 'yar raga mai danƙo wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Duk ɗan tsutsar da ya gifta sai ya maƙale, funfunar ta huda jikinsa ta cinye shi tun bai kai ga ciyawa ba.

Masana a ƙasar Denmak da Ostareliya sun yi gwaje-gwaje a kanta tun shekarun 1990, kuma a 2018 hukuma a Ostareliya ta yarda a sayar da ita da sunan BioWorma. Abin da ya sa aka duƙufa a kai shi ne, a ƙasashe da yawa tsutsa ta fara gagarar magunguna irin su albendazole da ivermectin, saboda yawan ɗura barkatai da rage awo.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. A'a, ba za ka daina ɗura ba. Funfunar ba ta taɓa tsutsar da ta riga ta zauna cikin tumbi, wurin kiwo take tsabtacewa. Dabbar da ta kamu sai magani. Har ila yau ba ta maganin tsutsar hanta. Kuma sai an ba dabba kullum, don ba ta zama a ciki. In an daina, kwana kaɗan aikinta ya tsaya. Sa'an nan ta fi amfani ga mai makiyayarsa shi kaɗai. In garke goma ke kiwo a fadama ɗaya, kai kaɗai ke bayarwa, kashin shanun maƙwabta zai ci gaba da zuba ƙwai.

Muna kuma jan kunne: kada wani ya ji an ce funfuna ya ɗebo dusa ko masarar da ta yi funfuna ya ba dabba. Wannan daban ce, tana iya ɗauke da guba mai lalata hanta, har ta bi nono ta kai ga yara.

Abin da ke hannunka yau shi ne ka riƙa kwashe kashi daga turke, ka raba maruƙa da wurin da manya suka daɗe suna kiwo, ka duba idon dabbobinka da damina, ka kuma ɗura magani bisa nauyin dabba yadda malamin dabbobi ya tsara. Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah Ya ƙara albarka a garke.